Kifin Da Ruwa Ke Ci: Hanyoyin Jinin Gaiwa Da Tsarin Ƙirjinmu

Idan aka saka gaiwa a ruwa aka hana ta kai bakinta sama, ruwan ne zai ci ta. Ko da mai tsabta ne, mai sanyi, irin wanda karfasa za ta shekara a cikinsa lafiya lau, gaiwa ba za ta rayu ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na iskar oksijin da babbar gaiwa take rayuwa da ita daga sarari take haɗiyo ta, ta tura ta cikin huhu guda biyu da ke shimfiɗe a tsawon jikinta. Jar tsokar nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi, wadda mai saye yake ɗagawa ya duba ko kifin sabo ne, ita ce mashaƙar kifi, ta nan yake tsotsar iska daga ruwa. Gaiwa ma tana da ita, amma ta ƙanƙance ƙwarai, ba ta isa ta riƙe ta ba.

Masuntan fadamun Haɗeja da Nguru, da na gaɓar Tafkin Chadi, da na kwarin Rima da Binuwai, ba su buƙatar a gabatar musu da ita. Doguwa ce mai santsi, tana iya kaiwa mita ɗaya, fikafikanta huɗu sirara zare-zare, ga cizo mai tsanani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin rigimar da ta tayar a Turai. A 1837 Leopold Fitzinger ya bayyana 'yar'uwarta ta kogin Amazon, masana suka rasa inda za su ajiye ta, kifi ce ko dangin kwaɗo. A 1839 Richard Owen na Ingila ya yanka wadda aka kai masa daga kogin Gambiya, irin tamu ke nan, Protopterus annectens, ya ce kifi ce. Ya yi gaskiya, amma waɗanda suka hango kwaɗo a jikinta su ma ba ruɗu suka yi ba.

Gaiwa tana cikin ƙaramin gida da ake kira kifaye masu fiffiken tsoka, wato waɗanda fiffikensu yake da nama da jerin ƙashi a ciki, saɓanin masu fiffiken ƙaya irin su karfasa da giwan ruwa. Nau'i takwas kacal suka rage daga wannan gida a cikin ruwa: gaiwa huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya, sai silakant guda biyu a zurfin teku. A lissafin masana ilimin halittu, duk wata dabba mai ƙashin baya da ke tafiya a tudu, daga kwaɗo zuwa shaho zuwa ɗan Adam, reshe ce na wannan gidan. Hujjar da aka fi yayatawa ita ce ta ƙashin fiffike da ya yi daidai da ƙashin hannu. Ni kuwa a ganina hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin maƙogwaro, a hanyoyin da jini yake bi tsakanin zuciya da mashaƙa.

Zagaye ɗaya, da matsalarsa

Jinin karfasa zagaye ɗaya yake yi. Yana dawowa daga jiki ya riga ya ba da iskarsa, ya shiga zuciya mai ɗakin karɓa ɗaya da ɗakin turawa ɗaya, ta tura shi gaba ta wata babbar jijiya a ƙasan maƙogwaro. Daga wannan jijiya wasu lanƙwasassun jijiyoyi suke tashi sahu-sahu, dama da hagu, su ratsa mashaƙa su haɗe da babbar jijiyar baya mai raba jini ga jiki. A cikin mashaƙar kowace jijiya tana rarrabuwa zuwa dubban siraran faifai, inda abin da ya raba jini da ruwa bai kai kaurin gashi ba. Ruwa yana bi ta wannan fuska, jini yana tahowa ta waccan, suna gilma wa juna, saboda haka duk inda jinin ya kai yana tarar da ruwan da ya fi shi iska. Da wannan dabara wasu kifaye suke kwashe kusan kashi 80 cikin 100 na oksijin ɗin ruwan da ya ratsa su. Dole su yi hakan, domin lita ɗaya ta iskar sarari tana ɗauke da oksijin kimanin mililita 210, lita ɗaya ta ruwan ɗumi kuwa ba ta wuce mililita 6 ba.

To amma mashaƙa ba ta da son kai. Iska tana bin ta daga inda take da yawa zuwa inda take da ƙaranci, ko ta wace fuska ce. A kududdufin fadama na watan Nuwamba, inda ruwa ya ɗumama, ciyawa tana ruɓewa a ƙasa, oksijin ɗin ruwa yakan kusa ƙarewa. Kifin da ya haɗiyi iska ya cika jininsa, sannan jinin nan ya koma zuciya aka sake tura shi ta mashaƙa, kamar mai ɗauko buhun gishiri ne ya bi ta cikin rafi, kafin ya haye ruwa ya karɓe abin da ya wahala a kansa. Samun huhu kaɗai bai warware komai ba. Sai an san yadda za a ratsa da jini mai iska ta maƙogwaro ba tare da ya zubar da ita ba.

Yadda gaiwa ta tsara abinta

A ɗan tayin dabbobi masu ƙashin baya ana lissafa waɗannan lanƙwasassun jijiyoyi sahu shida. A babbar gaiwa ta Afirka, sahu na uku da na huɗu ba su da faifan mashaƙa ko ɗaya. Bututu ne kawai masu faɗi, jini yana wucewa ta cikinsu daga zuciya kai tsaye zuwa kai da jiki, bai haɗu da ruwa ba. Sahu na biyar da na shida su ne suka riƙe mashaƙa, kuma daga bayan na shida ne jijiyar huhu take tashi.

Sauran aikin yana cikin zuciya. Jinin da ya fito daga huhu yana da tasa jijiyar daban, wadda take zuba shi a gefen hagu na ɗakin karɓa. Jinin da ya dawo daga jiki yana shiga ta dama. Akwai shamaki tsakaninsu wanda bai kai ƙarshe ba, akwai wani a ɗakin turawa shi ma rabi, da wani dunƙulen nama a tsakanin ɗakunan biyu da yake taimakawa wajen raba hanya. A bututun fita kuma akwai wata murɗaɗɗiyar tsoka da ta raba shi kwararo biyu. Kwararo ɗaya yana kai jinin huhu ga sahu na uku da na huɗu, waɗanda ba su da mashaƙa. Ɗayan yana kai jinin da ya gaji ga sahu na biyar da na shida, inda zai zubar da iskar kabon a ruwa sannan ya wuce huhu ya ɗauko sabuwa. Babu bango cikakke a ko'ina, amma jinin biyu suna gudana kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun gauraya sosai ba. Kjell Johansen da Claude Lenfant, da abokin aikinsu David Hanson, sun tabbatar da haka a 1968, lokacin da suka saka siraran bututu a jijiyoyin gaiwoyi masu rai suka auna iskar da ke cikin kowace jijiya. Sun ga rarrabewar ta fi tsafta daf da bayan kifin ya haɗiyi iska, sannan ta riƙa sassautawa yayin da iskar huhun take ƙarewa.

Akwai wasu ƙananan ƙofofi guda biyu da suka sa tsarin yake sauyawa daidai da buƙata. Ta farko tana gindin faifan mashaƙar da suka rage: gajerun hanyoyi masu tsoka, waɗanda Pierre Laurent da Richard DeLaney da Alfred Fishman suka bayyana a 1978. Idan suka buɗe, jini yana kewaye faifan ya wuce, ko ruwa bai taɓa shi ba. Ta biyu gajeren bututu ne da ya haɗa hanyar huhu da babbar jijiyar baya. Idan gaiwa ta haɗiyi iska, bututun nan yakan tsuke, jijiyar huhu ta saki, jini ya kwarara zuwa huhu. Idan ta daɗe a ƙasa huhun ya zama fanko, sai abin ya juya, jinin ya bi ta bututun ya tafi jiki maimakon ya je inda babu abin ɗauka. A riƙe wannan bututu a rai, domin yana cikin ƙirjin kowane jariri ranar da aka haife shi.

Wani zai ce tarwaɗa ma ai tana shaƙar iska, har takan yi tafiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Haka ne, tana da wata tsoka mai rassa a saman mashaƙarta da take wannan aiki. Amma ba huhu ba ce, kuma ba ta da jijiyar da take mayar da jini mai iska zuwa zuciya shi kaɗai don a sake tura shi da ƙarfi. Wannan komawa ta biyu ita ce zagaye biyu, kuma a cikin kifayen da ke raye gaiwa ce kaɗai take da ita.

Rani shi ne babban gwajin tsarin. Kafin kududdufi ya ƙafe, gaiwa takan haƙa cikin laka da bakinta, ta naɗe jiki kanta yana sama, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama kube, ta bar 'yar kafa a baki wadda iska take shiga. Faifan mashaƙarta sukan manne da juna, aikinsu ya tsaya, jini ya riƙa bin gajerun hanyoyin nan, huhu ya ɗauki numfashin gaba ɗaya. Tun da babu ruwan da zai wanke mata dattin amoniya da jikinta yake fitarwa, sai ta riƙa mayar da ita yuriya tana tarawa a jiki har damina. Homer Smith, wani masanin ƙoda ɗan Amurka, shi ya fara auna wannan a wajajen 1930. Maganar da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci ba ƙarya ba ce, tsokarta take narkarwa sannu a hankali. A daji takan yi wata bakwai ko takwas a haka, a ɗakin bincike kuma an ga wadda ta haura shekara uku. A 2021 aka gano cewa kuben kansa ba busasshen yauƙi ba ne kawai, yana ɗauke da ƙwayoyin garkuwar jiki masu rai da ke tare cuta.

Abin da yake damuna a nan shi ne duk wannan hikima ta dogara ne ga ambaliya ta dawo. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ruwan da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, gonakin rani kuma suna shiga kwarurrukan da gaiwa take kwanciya. Kifin da manyan jami'o'in duniya suke sayo shi daga Afirka don nazari, mu da yake ƙarƙashin ƙafafunmu, ya kamata ɗalibanmu na likitanci da na ilimin halittu su san cikinsa kamar yadda suka san na kwaɗo.

Sauran 'yan gidan

Kada a ɗauka gaiwa kakar wani ce. Hanyarta ta rabu da ta dabbobin tudu fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, kuma tun daga nan take sauyawa a nata ɓangaren. Gaiwar Ostireliya, ta kogunan Burnett da Mary, wadda Gerard Krefft ya bayyana a 1870, ita ce take nuna hakan. Huhunta ɗaya ne, mashaƙarta cikakkiya ce a duk sahun, a ruwa take numfashi sai idan ta matsu take hawa sama, kuma ba ta iya kwanciyar rani. Ke nan zubar da faifai daga sahu na uku da na huɗu abu ne da gaiwoyin Afirka da na Kudancin Amurka suka yi daga baya. Abin da dukansu suka gada tare da dabbobin tudu shi ne ginshiƙin: jijiyar huhu daga sahu na shida, jijiyar dawowa da take zuba a hagu, da murɗaɗɗen bututun fita.

Silakant ya bi wata hanya dabam. An ɗauka ya ɓace tun shekara miliyan 66, sai ga shi a ragar wani jirgin kamun kifi a Afirka ta Kudu ranar 22 ga Disamba 1938. Marjorie Courtenay-Latimer, mai kula da gidan tarihin East London, ita ta tsince shi cikin tarin kifi, J.L.B. Smith ya gane ko mene ne. An sami na biyu a tsibiran Komoros a 1952, aka gano wani nau'in a Indonesiya a ƙarshen shekarun 1990. Yana zaune a kogunan dutse a zurfin mita 150 zuwa 250, cikin ruwa mai sanyi, motsinsa kaɗan, buƙatarsa kaɗan, mashaƙarsa ma ba ta da faɗi idan aka gwada da girman jikinsa. Zagayen jininsa ɗaya ne. Amma a 2015 aka nuna cewa yana da ragowar huhu, wanda yake fara girma a ɗan tayi sannan ya tsaya, kitse ya lulluɓe shi. Kakanninsa na da suna da babban huhu mai rufin ƙashi, kuma da yawansu a ruwa mara zurfi suka rayu. Ɗaya daga cikin danginsa, Mawsonia tegamensis, a Gadufawa ta jihar Agadas aka haƙo shi, Sylvie Wenz ta bayyana shi a 1975, daga zamanin da wannan hamada take cike da koguna. Nazarin kundin ƙwayoyin halittar silakant a 2013 ya nuna gaiwa ta fi shi kusanci da dabbobin tudu.

Gartsa ma, wadda ba ta cikin wannan gida, tana da huhu, sai dai jinin huhunta yana gauraya da na jiki kafin ya shiga zuciya. Darwin ya zaci jakar iskar da kifaye suke yin iyo da ita ce ta zama huhu. Yawancin masana yanzu sun ga akasin haka ne, huhun ne ya riga.

Shaidar dutse

Jijiya ba ta zama dutse, amma takan bar gurbinta a jikin ƙashi. A 1987 Jennifer Clack ta Jami'ar Kambrij ta kwaso ƙasusuwan wata dabba mai suna Acanthostega daga duwatsun gabashin Girinlan, masu shekara kimanin miliyan 365. Tana da ƙafafu huɗu, da yatsu takwas a hannu. A 1991 ita da Michael Coates suka nuna cewa ƙasusuwan maƙogwaronta suna da dogon kwari a jikinsu, irin wanda jijiyar da ke kai jini mashaƙa take kwanciya a ciki a jikin kifi. Dabba mai yatsu ke nan, tana numfashi da mashaƙa a cikin ruwa. Tiktaalik, wanda Neil Shubin da abokansa suka haƙo a tsibirin Ellesmere na Kanada a 2004, ya girme ta da shekara kusan miliyan 10, har yanzu fiffike ne da shi, amma ya riga ya rasa ƙashin murfin kunne, ga manyan ƙofofin shaƙa a saman kansa.

Wannan ya rushe tsohon labarin da ake bayarwa na kifin da ya fito tudu sannan ya nemi huhu. Huhu da zagaye biyu a cikin ruwa aka gina su, ƙafafu ma haka, mashaƙa kuwa ita ce ta ƙarshen tafiya. Akwai dalili. Huhun da ake cikawa da haɗiya jefi-jefi ya iya ɗauko oksijin amma bai iya fitar da kabon sosai ba. Gaiwa ta yau ma, idan tana cikin ruwa, yawancin kabon ɗinta ta mashaƙa da fata take zubar da shi. Sai da haƙarƙari ya fara zuƙo iska da kansa dabbobin tudu suka rabu da wannan matsala gaba ɗaya.

A kan abin da ya fara kawo huhun kuwa masana ba su zama baki ɗaya ba. Tsohon ra'ayi yana cewa ruwa mara iska ne ya tilasta. A 1997 Colleen Farmer ta kawo wata hujja da na ga ta cancanci a saurare ta. A zagaye ɗaya, zuciya ce ta ƙarshe a layi, jinin da ya gama raba iskarsa shi yake shigarta, kuma tsokar zuciyar kifaye da yawa daga wannan jinin take sha. Idan kifi ya yi gudu, jiki ya kwashe iskar, zuciya ce take fara galabaita. Huhun da yake zuba jini mai iska a ƙofar zuciya yana ceton ta. Idan haka ne, kifi mai ƙwazo a ruwa mai kyau ma yana da ribar haɗiyar iska, abin da ya dace da ganin cewa gaiwoyin farko a teku suka rayu.

A cikin mahaifa

Tun a 1825 Martin Rathke na Jamus ya ga tsage-tsage irin na mashaƙa a wuyan ɗan tayin alade da na kaza. Ɗan tayin mutum ba ya yin mashaƙa, amma a mako na huɗu da na biyar na samuwarsa lanƙwasassun jijiyoyin nan suna bayyana a wuyansa, ɗaya bayan ɗaya. Na farko da na biyu suna shuɗewa, sai 'yan ragowa. Na biyar ba ya tsayawa. Na uku ya zama jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, waɗanda ake taɓawa a ji bugun zuciya. Na huɗu na hagu ya zama babbar jijiyar da take fita daga zuciya ta lanƙwasa ta ciyar da jiki duka. Tsuntsu na dama ya riƙe, kwaɗo ya riƙe duka biyun. Na shida ya ba da jijiyoyin huhu. Na uku da na huɗu ga jini mai iska, na shida ga huhu: rabon aikin da ke maƙogwaron gaiwa ke nan, ba a sauya ko sahu ɗaya ba.

Gajeren bututun nan ma yana nan, a ƙarshen sahu na shida na hagu. Jariri a ciki ta mabiyiya yake samun iska, huhunsa cike yake da ruwa, don haka jinin da aka tura wajen huhu yana bi ta bututun ya koma babbar jijiya. Da ya yi kukan farko huhu ya buɗe, oksijin ya ƙaru a jini, tsokar bututun sai ta fara tsukewa, cikin kwana ɗaya zuwa uku ta rufe, daga baya ta zama zare. Abin da gaiwa take yi duk lokacin da ta haɗiyi iska, mu sau ɗaya muke yinsa. A bakwaini bututun yakan ƙi rufewa, jini ya riƙa malala huhu fiye da ƙima, jariri ya riƙa haki, ya kasa shan nono yadda ya kamata. Likitoci suna rufe shi da magani irin su ibufurofen, ko da tiyata. Robert Gross ne ya fara ɗaure shi cikin nasara, a jikin wata yarinya 'yar shekara bakwai a Boston, a watan Agustan 1938, wata huɗu kafin silakant ya faɗa raga. Akwai kuma jariran da aka haifa da wasu lahanin zuciya waɗanda ransu ya rataya a kan bututun nan, su kuma magani ake ba su don kada ya rufe kafin a yi musu aiki.

Tsohon tsarin ya bar wata alama a jijiyar saƙo mai sarrafa murya. A kifi, reshen wannan jijiya yana fita daga ƙwaƙwalwa ya bi ta bayan sahu na shida ya isa mashaƙar ƙarshe, tafiya ce gajera domin zuciya tana daf da kai. A dabbobin tudu wuya ya yi tsawo, zuciya ta sauka ƙirji ta ja jijiyoyin jinin tare da ita, reshen kuwa yana nan maƙale a ƙarƙashinsu. A jikin mutum, na hagu yana saukowa har ƙirji, ya kewaya ƙarƙashin babbar jijiya daidai wurin zaren bututun nan, sannan ya koma sama zuwa maƙogwaro. Shi ya sa kumburin babbar jijiya ko ƙari a saman huhun hagu yake iya dusashe muryar mutum alhali maƙogwaronsa lafiya lau, shi ya sa kuma likitan da yake ɗaure bututun jariri yake lalubo wannan reshe ya kauce masa. A raƙuman dawa, irin na Kure da ke kusa da Yamai, kewayen ya haura mita 4, alhali tsakanin ƙwaƙwalwa da maƙogwaron bai fi 'yan santimita ba.